Baffan da ya ari kuɗin marayu ya sayi wake

Tambaya: Allah gafarta Malam, yayana ya rasu a Daura ya bar 'ya'ya uku ƙanana, kuma gadonsu, naira miliyan 2, yana hannuna. Da kaka na ari kuɗin na sayi wake a kasuwar Mai'aduwa, da niyyar in mayar bayan na sayar. Ƙwari suka shiga buhunan, na tafka asara. Wani ya ce min mai riƙon amana ba ya biya. Haka ne?

Amsa: Allah ya jiƙan yayanka. Ɗan'uwa, hukuncinka yana cikin kalmar da ka faɗa da bakinka: "na ara." Da gobara ce ta cinye kuɗin a inda ka adana su, babu sakaci, ba ka biyan ko kwabo, wannan babu saɓani. Amma ranar da ka ɗauke su don kanka sun tashi daga ajiya, sun zama bashi a wuyanka. Za ka biya cif.

Wanda ya ba ka waccan fatawa ya riƙe rabin ƙa'ida ne. Amintacce ba ya lamuni matuƙar bai ƙetare iyaka ba, bai yi sakaci ba. Mai fatawar zai iya kafa hujja da Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, inda Ibn Abi Zaid ya ce wasiyyi, wato wanda mamaci ya bar wa wasiyyar kula da 'ya'yansa, yana da damar yin kasuwanci da dukiyar marayu. Gaskiya ne, amma kasuwancin da ribarsa ta marayun ce. Tambayi zuciyarka: da waken ya yi tsada da bazara, aljihun wa ribar za ta shiga? Wanda ya shirya cin riba shi ke ɗaukar asara. Ko wasiyyin gaske ma, malamanmu na Malikiyya sun fi so ya ba wani amintacce jarin, kada ya juya da hannunsa, don gudun zargi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi damuna. Marigayin ya yi maka wasiyya da yaran? Zama baffa kaɗai ba ya ba ka iko da dukiyarsu. In babu wasiyya, je kotun shari'a alƙali ya naɗa ka ko waninka.

Kada kunya ta sa ka ɓoye wa mahaifiyarsu. Ka zaunar da ita da shaidu biyu, a rubuta bashin, kowa ya riƙe takarda, domin kai ma ba ka san ranarka ba. In ba ka da kuɗin a dunƙule, ka riƙa biya duk wata a asusun banki daban da naka. Wallahu a'alam.