Tambaya da Amsa: Ɗan Haya Ya Ƙi Tashi, Magaji Ya Fito Bayan Ciniki

TAMBAYA: Ina da gida a Mabera, ɗan haya na shekara-shekara ne a ciki. Kuɗinsa ya ƙare, wata takwas ke nan bai biya ba, kuma ya ƙi tashi. 'Yan'uwa sun ce in yaye kwano ko in sa kwaɗo a ƙofa. Ya zan yi? — Wani mai gida, Sakkwato.

AMSA: Alhaji, don Allah kada ka taɓa kwanon nan. Ranar da ka yaye rufi, ko ka yanke wuta, ko ka watsa masa kaya a waje, ranar ce mai bin bashi zai koma wanda ake ƙara, kuma kotu na iya sa ka biya diyyar da ta fi abin da kake binsa. Kotu kaɗai ke fitar da ɗan haya.

Fara ɗauko takardar yarjejeniyarku. In ta faɗi wa'adin notis, wato takardar farko da ke sanar da ɗan haya ya tashi, shi za a bi. In ba ta faɗa ba, mai hayar mako ana ba shi kwana 7, na wata-wata wata 1, na wata uku-uku wata 3, na shekara-shekara wata 6. In kuwa hayar mai ƙayyadadden lokaci ce, an rubuta ranar shiga da ranar fita, ta ƙare da kanta. Bayan wa'adin ya cika sai takarda ta biyu, ta kwana 7, wadda ke sanar da shi niyyarka ta karɓe gidanka ta hanyar kotu. Nan masu gidaje da yawa ke faɗuwa. Wani ya tsallake takarda ta biyun, wani ya shigar da ƙara kafin kwana bakwan su cika, wani kuma ya aika yaro da notis ba tare da shaida ba, ɗan haya ya zo gaban alƙali ya ce shi bai ga komai ba. Ka sa ya sa hannu da kwanan wata a kwafinka. In ya ƙi karɓa, a miƙa gaban shaida, a ɗauki hoto.

A cikin ƙarar ka haɗa abu uku: gidan, bashin haya, da kuɗin zaman da ya ƙara yi bayan wa'adi. Ka tafi da littafin rasit, shi ne babban mashaidinka. Ko an yanke hukunci, ma'aikatan kotu ne za su fitar da shi, ba kai ba.

TAMBAYA: Na sayi gida a Runjin Sambo hannun babban ɗan mamaci, mai unguwa ya sa hannu. Yanzu ƙanwarsa ta kai ƙara. — Wata 'yar kasuwa.

AMSA: Hajiya, girman ɗa ba ya ba shi ikon sayar da rabon ƙannensa. Gidan da ba a raba gadonsa ba na magada ne duka, kuma a mazhabar Malikiyya abokin tarayya na da haƙƙin shuf'a, wato ya biya kuɗin da kika biya ya karɓe kason da aka sayar. Sa hannun mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, ba ta mallaka ba.

Ki dakatar da duk wani gini ko gyara. Ki nemi takardar rabon gado daga Kotun Shari'a in an taɓa yi, ki kuma sa lauya ya binciki fayil ɗin gidan a ma'aikatar filaye. In yana da satifiket ɗin gwamnati, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da yardar gwamna ake mayar da shi ga wani, kuma rigimar mallakarsa ta Babbar Kotu ce. Ki nemi a sa wanda ya sayar miki cikin ƙarar, don in cinikin ya rushe a umarce shi ya dawo da kuɗinki.