Yaya Amurka da Biyetnam suka shirya, alhali 'yan gudun hijira na nan?

Malam, ka tambaya ko 'yan gudun hijirar Biyetnam ne suka jinkirta sulhu tsakanin ƙasarsu da Amurka. A ganina, a'a, ba su ne babban dalili ba.

Da Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu wadda Amurka ta mara wa baya a yaƙin Biyetnam, ta faɗi a hannun dakarun Biyetnam ta Arewa ranar 30 ga Afrilu, 1975, mutane suka riƙa tserewa. Daga baya dubun dubata suka shiga ƙananan jiragen kamun kifi, iyaye na rungume da 'ya'yansu, ga ƙishirwa ga 'yan fashin teku, da yawa ruwa ya cinye su. Abin da ya sa ke nan a 1979 aka kafa shirin fita bisa tsari tare da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Wannan shiri na cikin abubuwan da suka sa Amurka da Biyetnam suka riƙa zama suna magana tun ba a shirya ba.

Abin da ya fi tsaya wa Amurka a rai shi ne sojojinta da suka ɓata, da kuma shigar sojojin Biyetnam Kambodiya, waɗanda suka janye a 1989. Shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya ɗage takunkumin kasuwanci a 1994, aka maido da hulɗa a Yuli 1995. Sanatan Amurka John McCain, wanda ya sha ɗauri a Hanoi, babban birnin Biyetnam, lokacin yaƙin, yana cikin masu goyon baya, kuma jakadan Amurka na farko a Hanoi, Pete Peterson, shi ma tsohon fursunan yaƙi ne.

Amma ciwon bai warke ba. A Little Saigon, unguwar 'yan asalin Biyetnam da ke Kalifoniya, har yau tsohuwar tutar Biyetnam ta Kudu, rawaya mai jajayen layuka uku ce ke kaɗawa a bakin shaguna.