Hukuncin Koyar da Yoga a Gida ga Iyali da Maƙwabta

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Na koyi yoga saboda ciwon baya, kuma na ji sauƙi. Yanzu nakan tara 'ya'yana da matan maƙwabta a tsakar gida mu yi na minti ashirin. Wata ta ce bautar gumaka nake koyarwa. Mene ne hukuncinsa? Kuma ya halatta in karɓi kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, maganar maƙwabciyarki tana da tushe. Yoga daga Indiya ta fito, kuma hanyar ibada ce a addinin Hindu. Sai dai wadda ta bazu a duniya yau iri biyu ce: akwai mai ɗauke da ibadar, akwai wadda miƙar da jiki ce kawai da daidaita numfashi. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi ita a 2008. Majalisar malaman Indonesiya kuwa, a 2009, ta haramta mai ibadar, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Wannan rarrabewa ita na fi natsuwa da ita, domin asali a al'amuran duniya halacci ne, kuma Annabi (SAW) ya ce mumini mai ƙarfi ya fi mai rauni alheri, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Dole ki cire Surya Namaskar, jerin motsi goma sha biyu da ake yi don gaida rana, ana fuskantar gabas lokacin fitowar rana. Allah ya ce a Suratu Fussilat, aya ta 37, kada a yi sujada ga rana ko wata. Annabi (SAW) ya hana nafila daidai fitowar rana saboda a lokacin kafirai suke mata sujada. To idan sallar da Allah kaɗai ake nufi da ita an hana ta don gudun kamanceceniya, ina ga jerin da aka tsara don ranar kanta? Cewa "ni ba niyyata ke nan ba" bai wadatar ba, tunda yaran da ke kallonki siffa suke ɗauka. Haka za ki bar faɗin "Om", sautin da mabiya Hindu suke tsarkakewa a ibadarsu, da duk wata kalma da ake maimaitawa, da haɗa tafukan hannu a ƙirji ana rusunawa. Idan bidiyo kike bi, ki kalle shi ke kaɗai tukuna, don galibi a farkonsa da ƙarshensa ake saka waɗannan. Abin da ya rage ki kira shi motsa jiki, kuma kada ki cusa masa zikiri don musuluntar da shi.

Mata da mata kawai, ban da mazan maƙwabta. Tsakanin cibiya da gwiwa al'aura ne ko a gaban mace, don haka a sa wando mai yalwa da riga wadda ba za ta yaye ba in an sunkuya. Ki duba ko ana hango tsakar gidan daga bene, a kuma ajiye wayoyi.

Sannan lafiyarsu amana ce a wuyanki. A hadisin Abu Dawud, wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da ilminsa ba, shi zai ɗauki lamunin ɓarnar. Kada ki yi wa kowa alkawarin warkewa. A fara da ɗumama jiki na minti biyar, domin miƙar da tsoka da sanyinta na iya jawo rauni. Kowane motsi a tsaya a kai daƙiƙa goma sha biyar zuwa talatin, ana numfashi ba riƙewa, kuma da an ji zafi mai suka a sassauta. A bari sai an yi awa biyu da cin abinci mai nauyi. Tabarmar leda tana zamewa a kan tayil, a nemi shimfiɗa mai kama ƙasa. Tsayuwa a kan ka ki bar ta gaba ɗaya, tana iya lahanta wuya, kuma haɗari ce ga mai hawan jini da mai hawan jinin ido. Mai juna biyu ba ta rub da ciki, kuma sai da yardar likitanta za ta shiga.

Kuɗi kuwa halal ne, matuƙar an yanke adadinsa da tsawon darasin tun farko, kuma ba a shiga lokacin salla ba. Wallahu a'alam.