Tambaya da Amsa: Odinatar ta ƙi tashi bayan an maido kuran

Tambaya: Salamu alaikum malam, ina da ɗan shagon buga takardu a unguwar Zariya nan Maradi, shekaranjiya aka ɗauke kuran aka maido da ƙarfi, tun lokacin odinatar ta ƙi tashi ko fanka ba ta motsi sai ɗan warin ƙuna. An ce min alimantasiyo ce, wato ɗan akwatin da ke raba wa odinatar kuran. In gyara ko in sayi wata?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sauwaƙe, na san zafin kwastoma ya zo da takarda injin na kwance. Kafin ka fitar da ko dala fara canza wayar kuran ɗin ka gwada wani soket, sannan ka leƙa bayan akwatin, tsofaffin da aka kawo daga Amurka wasu suna da ɗan jan makunni 115/230, mu nan 220 muke sha, in yana kan 115 to shi ya kashe ta.

In ba nan ba ne, cire kuran, ka zare duk wayoyin alimantasiyon daga babban allon da ke cikin odinatar, ka ɗauki filogin nan mai baki 24 ka haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan guntun waya sai ka jona. Fanka ta juya, akwai rai. Amma juyawa kaɗai ba ta isa ba, sa mitar awon kuran: rawaya ta ba ka 12V, ja 5V, mai ruwan lemo 3.3V, in rawaya ta sauka ƙasa da 11.4 ta gaji. Wasu HP da Dell filoginsu daban ne, waɗannan kai wa mai gyara.

Abin da nake roƙonka don Allah kar ka kwance ita alimantasiyon da kanka. Manyan kondansatar na ciki suna riƙe sama da 300V ko bayan an cire kuran, na taɓa ganin sukudireba ta taɓa ɗaya, tartsatsi ya tashi bakinta ya yi baƙi. Kuma tunda ka ji warin ƙuna ni dai canzawa zan ce, gyaran da bai zauna ba yana iya tafiya da babban allon da disk ɗin da aikin mutane ke ciki. Ka tafi kasuwa da tsohuwar alimantasiyon a gwada girma da wat, ka haɗa da ondilar, wato na'urar da ke riƙe kuran in an ɗauke, in aljihu ya yarda, kuma ka riƙa hure mata ƙurar hunturu don ita ke toshe fanka har zafin Afirilu ya ƙarasa ta.