Maɗaurin Wuyan Hannu a Wasan Bolin: Zai Raba Ni da Ciwon Nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Malesiya. Duk daren Juma'a mukan je wasan bolin, wanda ake gangara ƙwallo mai nauyi don a kayar da sanduna goma. Wata biyu ke nan wuyan hannuna na dama yana zugi, wani lokacin har washegari riƙe biro yakan gagare ni. Ƙwallo mai laba 14 nake ɗauka. Na ga wasu na sa maɗauri mai ƙarfe a hannu. In saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sawwaƙe. Maɗaurin yana da amfani, amma kafin ka zura hannu aljihu, je ka duba ƙwallon da kake ɗauka, don a nan nake zargin matsalar take.

Ƙwallayen da ke jere a gidan wasa na kowa da kowa ne, ba a huda ramukansu uku daidai da hannunka ba. Idan ramin babban yatsa ya yi maka yawa, dole ka damƙe da ƙarfi don kada ya suɓuce, kuma wannan damƙar ce ke wahalar da jijiyoyin wuyan hannu. Ni ma haka ta faru da ni lokacin da na fara. Na ɗauki mai laba 15 saboda ina ganin ƙarfina ya kai, bayan mako uku ko buta na ɗaga sai na ji tsami ta gefen babban yatsa. Da na koma laba 12 mai ramuka daidai da yatsuna, sai abin ya lafa.

Dokar wasan ta ƙayyade laba 16, wajen kilo 7 da 'yan kai, a matsayin iyakar nauyi. Masu koyarwa sukan ce kada ƙwallo ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinka. Laba 14 ta haura kilo 6, kai kuma kana lilo da ita da hannu ɗaya, kana aika ta nisan ƙafa 60, sau goma sha wani abu ko ashirin a wasa guda.

Aikin maɗaurin shi ne ƙarfen da ke kwance a bayan hannu ya hana wuyan lanƙwasa baya yayin da ƙwallo ya rinjaye shi. Ta haka babban yatsa zai fara fita daga raminsa, sauran yatsu biyun su biyo baya, jifa ta riƙa tafiya iri ɗaya. In za ka saya, nemi mai sauƙi wanda aka yi don bolin, na hannun dama, ka gwada shi a shagon. Kada ka tamke shi har yatsu su yi sanyi, kuma da ka gama wasa ka cire. In kana da niyyar shiga gasa, tambayi dokarta tukuna, don akwai waɗanda suka hana sa shi.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne maganar biron nan. Ciwon da ya kwana ya tashi da kai ya wuce gajiya. Ka huta da wasan mako biyu, ka riƙa ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 15. Idan ka ji babban yatsa, manuni da na tsakiya suna mutuwa, ko kamar ana tsira maka allura musamman da dare, ko wurin ya kumbura, don Allah kada ka ɓoye shi a ƙarƙashin maɗauri. Ka je asibitin makarantarku a duba, in ya kama su tura ka wajen masu gashin ƙashi.