Amsa: Tafiya Bauchi daga Gombe lokacin korona

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya zuwa Bauchi duba mahaifiyarka ana tsaka da korona. Za ka iya, amma fa haɗarin yana cikin motar, inda za ku shafe awa biyu kuna shaƙar numfashin juna. In da hali, biya kuɗin kujerar gaba, ka sauke gilashi ko da ƙura. Takunkumi ya rufe hanci, ba a saƙale shi a haɓa ba. In an tsaya Alkaleri, wanke hannu da sabulu kafin ka ci wani abu.

Tsofaffi cutar ta fi kayarwa, don haka ku gaisa da Hajiya a tsakar gida. In kana zazzaɓi ko tari, fasa tafiyar, ka kira hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a 6232.