Wasiƙar Babban Mutum Za Ta Sama Mini Gurbin MBA?

Tambaya: Malam, shekarata biyar ina aiki a sashen tallace-tallace. Bara na nemi gurbin karatun MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, a makarantu uku, duka suka ƙi ɗaukata. Wani dillalin neman gurbi ya ce wasiƙun shaidata ne suka kayar da ni, kuma idan na biya shi zai samo mini wasiƙar wani hamshaƙin attajiri. Ina tsoron kada bana ma in tashi a tutar babu.

Amsa: Ka riƙe kuɗinka. Shekarun aikinka sun yi daidai da na yawancin waɗanda makarantu irin su Harvard da INSEAD suke ɗauka. Makin GMAT, wato jarrabawar neman shiga makarantun kasuwanci, yana aiki har shekara 5, kuma sabon tsarin da aka fara a 2023 daga 205 zuwa 805 yake, don haka kada ka auna shi da tsohon ma'auni. A yawancin makarantun Amurka, ka shigar da takardunka a zagayen Satumba ko na Janairu, domin kafin na uku guraben sun yi ƙaranci.

Maganar wasiƙar babban mutum kuwa, na gaji da jinta, kuma dillalai ne suke rura ta domin a nan cinikinsu yake. Kwamitin tantancewa ba ruwansa da girman kujerar mai sa hannu. Abin da yake so shi ne shaidar wanda ya gan ka a bakin aiki. Makarantu da yawa suna tambayar mai shaida ya kwatanta ka da takwarorinka, sannan ya faɗi gyara mafi muhimmanci da ya taɓa yi maka da yadda ka karɓe shi. To, wanda bai taɓa zama da kai ba, me zai rubuta a nan? Sai ya cika takarda da cewa kai haziƙi ne mai ladabi, yabon da masu karantawa suke gani sau ɗaruruwa har ya daina shiga kunnensu. Shugabanka na kusa, ko da ƙaramin manaja ne, shi zai tuna ranar da babban abokin ciniki ya kusa kuɓucewa, ka zauna ka sake lissafin farashi har ya dawo.

Ban da haka, makarantu suna binciken takardu bayan sun ba da gurbi, kuma idan suka gano ƙarya sukan janye shi. Ka sami shugabanka wata biyu kafin ranar rufewa, ka tuna masa ayyukan da kuka yi tare, amma ka bar shi ya rubuta da kansa.